Igiyar Jirgin Baban Mutsumi

A garinmu na bakin teku, inda ƙarar guduma daga maƙerar jirage ke tashin mutum tun kafin agogo ya buga, babu macen da ba ta san darajar igiyar sakin jirgi ba. Ranar da za a saki sabon jirgi, mace ce ke sare igiyar da ɗan gatari, kwalbar giya ta fashe a hancin jirgin, shi kuma ya sulale cikin ruwa sumul. Guntun igiyar nan shi ake kai wa mai ciki ta riƙe, don haihuwa ta zo mata da sauƙi kamar yadda jirgin ya sauka. Uwar Tomiko, wata mata 'yar unguwarmu, ta riƙe. Tomiko ma ta riƙe lokacin da za ta haifi 'yarta Mutsumi, daga baya ta ba da aronta, aka yi ta miƙawa gida gida har ta ɓace. Yanzu ga Mutsumi ta dawo gida haihuwar fari, ciki ya tsufa, ƙafafu sun kumbura, igiya kuwa babu.

Tomiko har ta rame. Ta sa gishiri a shayi, ta sa sukari a miya. Ita Mutsumi dariya take yi, wai likita ya ce komai lafiya, amma likitan nan yaro ne, kuma namiji, me ya sani?

Shi kuwa maigidan, Shigeo, tikiti ya yi ta yagewa a jirgin fito har ya yi ritaya. Amma in ka same shi a shagon aski sai ka rantse rabin jiragen da ke teku da shawararsa aka ƙera su. Tun da ya bar aiki ya kama harhaɗa ƙananan jiragen dakon kaya da bulon roba na wasan yara, yana jera su a kan kanta, yana goge su da burushin haƙori. Ko ɗaya bai taɓa ganin ruwa ba.

"Baban Mutsumi, maganar igiyar nan fa," in ji Tomiko wata safiya tana zuba masa shinkafa.

"Igiya? Ke kin cika tsoro. Manajan maƙerar nan, in na yi tari a bakin ƙofa, da silifa ɗaya zai fito. Ki goge mini kwat."

Ta goge. Ya fita yana ƙamshin man gashi. Da rana tsaka ya dawo riƙe da ɗan tawul ɗin goge hannu, irin wanda ake raba wa kowa a ƙofa.

"Ina igiyar?"

"Na fasa karɓa."

"Ka fasa?"

"Jirgin nasu sai bazara za a sake shi. Kuma na leƙa ta katanga, aikin bai yi mini ba."

"Ta katanga? Ashe ko ciki ba ka shiga ba?"

"Daga waje aka fi gane jirgi, Maman Mutsumi. Abin da ba ki sani ba ki riƙa tambaya."

Tomiko ta zauna daɓas. Bazara? Kafin bazara ai jaririn har zai fara zama. Shigeo ya cire kwat ya rataye, ya dubi kantarsa ta jirage, sai ta ga idonsa ya yi wani irin haske. Ta san hasken nan. Shi ne ya cinye musu rufin ɗakin ajiya shekarar da ya ce zai yi kiwon tantabara.

"Ni zan ƙera jirgi," ya ce. "Babba, tsawon mutum a kwance, da kwantenoninsa, da ɗakin kyaftin, komai daidai da na gaske, an dai rage shi ne kawai. A sake shi a gangaren masunta da cikakken biki. Ke za ki sare igiya. Jikana ba zai zo duniya da igiyar wasu ba."

Tomiko ta miƙe. Ta saka takalmi ta nufi gidan Gwaggo Kinu, tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, har da ta Shigeo ɗin kansa. Ta same ta tana tsintar wake.

"Gwaggo, igiyar jirgin wasa tana yi?"

Tsohuwa ta tauna bakinta mara haƙora. "Teku ba ya awon jirgi. In ya sauka sumul ya yi iyo, ta yi. Amma in ya maƙale a hanya, ko ya nutse, kada ki bari yarinyar ta ko taɓa igiyar. Gara babu."

Tomiko ta dawo gida da nauyin da ya fi wanda ta fita da shi.

Aiki ya kankama a tsakiyar falo. Teburin cin abinci ya koma baranda. Bulo ya bazu a kan tabarma, ƙanana, masu kaifi, wasu kalar tabarmar sak. Duk wanda ya zo gidan kuwa dole ya cire takalmi a ƙofa. Wanda ya fara shiga tarkon shi ne Kadota mai awara, maƙwabcinsu, wanda suke ja-in-ja da Shigeo tun suna 'yan firamare. Ya shigo da roba biyu ta awara don mai ciki, ya taka ɗaya, ya yi tsalle ya sauka a kan uku.

"Wayyo ƙafata! Tomiko, yaushe kuka fara shuka ƙusa?"

"Ka ɗaga ƙafarka a hankali," in ji Shigeo ko ɗagowa bai yi ba. "Tagar ɗakin kyaftin ce a dunduniyarka."

Kadota ya ɓanɓare ta ya jefa masa, ya tsaya yana kallon abin da ke kwance a falo. "Wannan mene ne? Makarar wa?"

"Jirgin dakon kaya ne. Ba laifinka ba ne, wanda ya ƙare rayuwarsa a matsar wake."

"To Kyaftin, ka sa masa gam?"

"Gam?" Shigeo ya miƙe tsaye kamar an zagi uwarsa. "Gam na 'yan koyo ne. Duk mai harkar nan da ya san kansa ba ya taɓa gam. Bulo shi ke riƙe ɗan'uwansa."

"A kan kanta, i. A cikin ruwa fa?"

"Ka taɓa ganin roba ta nutse?"

"Na taɓa ganin ka nutse, muna aji huɗu."

"Nutso nake koya!"

Kafin jirgi ya kai rabi, baƙin bulo ya ƙare. Shigeo ya bi unguwa da kwando yana roƙon na jikokin mutane. Tomiko na biye da shi washegari da kwanon lemo tana ba da haƙuri gida gida, har wuyanta ya ƙage don rusunawa. Jirgin da ya fara da ja a ƙasa, baƙi a sama, sai ya koma ruwan hoda daga tsakiya. A gefen dama akwai ƙofar gidan sarauniya. A kan hanci kuma wani ɗan dokin roba ya tsaya, don wai shi ne ya toshe wata kafa daidai. Mutsumi ta riƙe ciki tana dariya har Tomiko ta tsorata.

"Ki daina, kada ki girgiza yaron!"

"Mama, dokin ne. Ina za shi?"

"Kaya ne," in ji Shigeo. "Jirgin kaya ba ya zaɓen kaya."

Da aka gama, sai batun gwaji. Bahon gida ya yi kaɗan. Shigeo ya ce babu komai, ai ga gidan wankan unguwa. Tomiko ta roƙe shi, ta ce a bari sai an tambayi matar gidan. Ya ce matar nan tana jin nauyinsa. Da la'asar, lokacin da tsofaffi ke cika wurin, ya naɗe jirgin a bargo, ya ɗora a amalanken Kadota, ya shiga ɓangaren maza. Tomiko ta shiga na mata da sauri, ta tsunduma cikin ruwan zafi kusa da bangon tsakiya, wanda bai kai rufi ba, ta kasa kunne.

Ta ji muryarsa tana amsa-kuwwa. "Dattawa, a matsa gefe. Abin da za ku gani yau, 'ya'yanku za su ba 'ya'yansu labari."

Ta ji wani tsoho yana cewa, "Shigeo, ka wanke shi kafin ka saka? Nan ba a shiga da datti."

Sai shiru. Sai tafi kaɗan. Zuciyar Tomiko ta fara sauka. Sai ta ji wani ƙara, gulu-gulu-gulu, kamar ana cika tulu. Sai muryar Kadota: "Kyaftin, yana kwanciya fa." Sai tsulum. Sai wani ruuuu, kamar an zazzage buhun wake a kan siminti.

Daga nan gidan wanka ya rikice. Tsofaffi tsirara, ƙafa ba takalmi, ƙasa cike da kwantenoni. Wannan ya yi ihu, wancan ya yi zagi, wani ya kira sunan matarsa da ta rasu. Aka ji muryar tsohon shugaban makaranta, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, yana cewa, "Na zauna a kan doki! Jama'a, na zauna a kan doki!"

A ɓangaren mata kowa ta juyo tana kallon Tomiko.

"Tomiko, naki ne?"

Tomiko ta nutse har hanci.

Matar gidan wanka ta hana Shigeo shiga sai bayan sabuwar shekara. Ya dawo gida da jirgi kashi uku a cikin bargo, yana ɗigar ruwa, fuskarsa fes.

"Gwaji ya yi kyau," ya ce.

"Ya yi kyau? Baban Mutsumi, ya nutse!"

"Don haka ake gwaji. Yanzu na san ciwonsa. Sama ta fi ƙasa nauyi. Jirgin gaske ma sai an danne cikinsa."

Ya liƙe cikin jirgin da ledar rufe abinci, ya sake ɗora bulo. Bayan kwana biyu Tomiko ta buɗe garwar da take tsuma kabeji da gishiri don ajiyar lokacin sanyi, ta ga kabeji ya taso yana kumfa, dutsen dannewa babu. Dutsen nan na kakarta ne, sumul, mai nauyin jariri biyu. Ta same shi zaune a cikin jirgi kamar fasinja.

"Dutsena!"

"Aro ne. Ki yi alfahari, dutsenki zai ga teku."

Ta so ta ce a fasa. Sau nawa ta buɗe baki. Amma ta dubi Mutsumi tana tafiya da ƙyar tana dafa bango, sai ta haɗiye. In an fasa babu igiya, in an yi kuma ya nutse, ga duk unguwa sun shaida. Ta je ɗakin bauta na bakin ruwa ta tafa hannu ta roƙa, ta dawo, a hanya ta tuna ba ta faɗi ko jirgin wa take roƙa wa ba, ta koma ta sake.

Ranar biki gari ya waye da sanyi. Shigeo bai bar kowa ba: mai aski, masunta, matan kasuwa, har tsohon shugaban makaranta da ya zo da matashin zama a hannu. Aka kawo Gwaggo Kinu a kujera aka ajiye ta gaba. An rataya tutoci. An dafa curin shinkafa mai danƙo da za a watsa wa jama'a bayan saukar jirgi, Tomiko ce ta kwana biyu tana mulmulawa. Shigeo ya fito da farar hular kyaftin da ya aro, ta yi masa yawa, kunnuwansa ne suka tare ta.

Ya shimfiɗa katako biyu a gangaren masunta har cikin ruwa. Ya ce a maƙera kitse suke shafawa, shi kuwa ba zai yi rowa ba. Ya juye sabulun wanke kwano gaba ɗaya, ya bi da man suya, ya ƙara da man gashinsa. Katako ya yi ƙyalli har ƙuda ya sauka ya zame.

Ya ɗora jirgi a saman katakon, sannan ya fito da kwalba. Ba ƙaramar kwalba ba, babbar nan ta giyar shinkafa da ake kai wa gidan biki, mai tsawon hannun mutum. Ya ɗaura ta a sandar shanyar Tomiko, ya ja ta baya, ya ɗaure da igiya mai launin ja da fari.

Tomiko ta ja hannun rigarsa. "Baban Mutsumi, na kawo 'yar kwalbar maganin tari. Ba ta fi dacewa ba?"

"A gaban mutane? Ki so a ce Shigeo ya saki jirgi da maganin tari?"

Kadota ya matso yana leƙe. "Kyaftin, tsaya in gane. Ka rage jirgi, ka rage anka, ka rage tuta, mutanen ciki ma ba su kai yatsa ba. Kwalba ce kaɗai ba ka rage ba?"

"Giya ba a rage ta a gaban baƙi."

"Ai sai ka ce an ɗauko hasumiyar tashar jirgi za a maka masa."

"Jirgina da ƙarfinsa. Koma baya, kada ka ji ciwo da mamaki."

Ya yi jawabi. Ya gode wa teku, ya gode wa kansa, ya ambaci guguwoyin da ya tsallake, waɗanda kowa ya san daga tagar ɗakin tikiti ya gan su. Ya sa wa jirgi suna Haihuwa Lafiya. Tomiko ta dafe kai. Da ma bai ɗora wa abin wannan suna ba. Ya miƙa mata babbar wuƙarta ta saran kifi a madadin gatari.

Ta dubi Mutsumi, wadda ke tsaye cikin babbar riga, hannu a kan ciki. Ta dubi Gwaggo Kinu. Ta rufe ido ta sara.

Kwalba ta taho da gudu. Ba ta fashe ba. Jirgin ne ya fashe. Hancinsa ya tarwatse sama, bulo ya yi ta zubo wa jama'a kamar ƙanƙara. Yara suka zaci rabon curin shinkafa aka fara, suka ruga wawaso, wata tsohuwa ta ɗaga lema a juye tana tara. Kwalbar ta koma baya ta sake dawowa ta ɗauke ɗakin kyaftin. Dutsen kabeji ya ga hanya, ya ɓalle ta bayan jirgi, ya gangara shi kaɗai ya faɗa ruwa, tsulum, ba a sake ganinsa ba.

Ragowar jirgin kuwa ya tsaya cak a saman katako. Ko motsi.

"Kada kowa ya taɓa!" Shigeo ya yi ihu. "Ƙaramar matsala ce! Turawa kawai yake so!"

"Baban Mutsumi, sabulu!"

Ya riga ya taka. Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma. Ya rungumo kwalba don ya tsira, sandar shanya ta karye, ya faɗi rub-da-ciki a kan katako, ya tafi. Kai, mutanen garinmu sun ga saukar jirage da yawa, amma irin wannan sai dai a yi shiru. Bai karkace ba, bai tsaya ba, bai ko girgiza ba. Kai a gaba, hula a kai, kwalba a ƙirji, ya sulale sumul kamar an ja shi da zare, ya tsaga ruwa gida biyu. Sai ga shi ya taso, tumbi sama, yana yawo a kan ruwa, ya wage baki ya saki wani irin kuka da ya tashi tsuntsayen da ke kan jiragen masunta.

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Kowa ya san abin da aka zo yi. Ido ya koma kan ragowar jirgi da ke maƙale a sama, sannan kan Mutsumi. Gwaggo Kinu ta fara girgiza kai, ta buɗe baki za ta ce ashsha.

Tomiko, wadda ko a taron unguwa ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ta tsinci kanta tsaye gaban tsohuwar, wuƙa a hannu ɗaya, guntun igiya a ɗayan.

"Gwaggo, tsaya. An sare igiya ko ba a sare ba?"

"An sare."

"Abu ya sauka ko bai sauka ba?"

"Ke, jirgin ga shi can..."

"Ban ce jirgi ba. Abu ya sauka?"

Tsohuwa ta juya ta dubi teku, inda Shigeo ke iyo yana kiran a kawo ƙugiya. Ta murza ido.

"Ya maƙale a hanya?" ta tambayi jama'a. "Idona ba ya gani sosai."

"Ko kaɗan!" in ji Kadota. "Ko kifi albarka!"

"Da kai ya tafi ko da ƙafa?"

"Da kai!" masunta suka amsa baki ɗaya.

"Ga ƙaton kai kuwa," in ji tsohuwa. "Na san kan nan, ni na karɓe shi, ranar bai zo da sauƙi haka ba." Ta kasa kunne. "Kuma ya yi kuka nan take. Duk shekarun da na yi ina karɓar haihuwa, ban taɓa roƙon abin da ya wuce haka ba. Mutsumi, zo ki karɓi igiyarki."

Sai a lokacin dariya ta ɓarke, har tsohon shugaban makaranta ya yar da matashinsa. Tomiko ta damƙa igiya a hannun 'yarta, ta naɗe yatsunta a kai da hannu biyu, sai ga hawaye. Mutsumi na dariya tana share mata da hannun riga. "Mama, ki je ki ciro Baba, zai yi mura." Tomiko ta ce, "Bari ya ɗan ƙara iyo, kowa ya gani da kyau."

Masunta suka jawo shi da ƙugiya ta bayan kwat. Ya tsaya yana kyarma, ciyawar ruwa a kunne, kwalba har yanzu a rungume.

"Kun ga saukar nan?" ya ce haƙora na haɗuwa. "Lissafin gangaren nan nawa ne. Ku je maƙera ku tambaya ko sun taɓa yin irinta."

Mutsumi ta haihu kafin mura ta saki babanta, 'ya mace, igiya a hannunta, ko shayin da Tomiko ta zuba a ɗakin jira bai huce ba. Likita ya ce ai da ma ya faɗa. Tomiko ta rusuna ta gode masa, don ba ta son gardama da yara.

Ranar da aka dawo gida da jaririya, Shigeo ya ɗauke ta yana zagaya falo, yana atishawa gefe.

"Na biyu in ya taho," ya ce, "jirgin dakon mai zan ƙera. Ninki biyu na wancan. Har na fara zane."

Tomiko ta karɓe jaririyar daga hannunsa, ta gyara mata hula, ta tura masa kwanon shinkafa, ta ƙara masa cokali ɗaya.

"Kada ka wahalar da kanka da jirgi, Baban Mutsumi. Kai dai ka ci abinci ka riƙe jikinka. Sabulu ni zan tanada."